Bin Sawun CC 6500 Daga Mulhouse Zuwa Modane

A cikin kawunan jirgin ƙasa masu aiki da lantarki da Faransa ta ƙera a ƙarnin da ya shige, babu wanda ya zauna mini a rai kamar wanda hukumar jiragen ƙasan Faransa, wato SNCF, ta yi wa lamba CC 6500. Aikina koyar da lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a a Maraɗi, kuma tun ina ɗalibi nake ganin hoton wannan inji da zanen wayoyinsa a cikin tsofaffin littattafan Faransanci da aka karantar da mu da su, a babin da ke bayanin yadda ake sarrafa gudun injin lantarki. Saboda haka, da Allah ya nufe ni da zuwa Faransa a kakar 2025 domin in ziyarci ɗan yayata da ke karatu a Lyon, sai na tsara tafiyar yadda za ta bi ta inda aka ajiye shi, da inda ya yi gudu, da kuma inda ya yi dako. Yaron ya amince ya raka ni, ko da yake shi harkar kwamfuta ya sa a gaba, jirgin ƙasa kuwa a wurinsa abin hawa ne kawai da ake sayen tikitinsa ta waya.

Mun fara da Mulhouse, birnin masana'antu a yankin Alsace, kusa da inda iyakokin Faransa da Jamus da Suwizalan suka haɗu. Daga babbar tashar garin akwai jirgin cikin gari da ke sauke mutum kusa da ƙofar Cité du Train, gidan tarihin jiragen ƙasa da aka buɗe a 1971, wanda ake lissafawa cikin mafiya girma a Turai. Injinan tururi suna da kyau ƙwarai, amma ban daɗe a gabansu ba, domin ba su suka kawo ni ba. Inda na fara tsayawa shi ne gaban wani koren inji mai lamba BB 9004, wanda a ranar 29 ga Maris 1955 ya yi gudun kilomita 331 a awa a kan miƙaƙƙen layin da ya ratsa dajin Landes, kudu da Bordeaux, kwana ɗaya bayan an yi irin wannan gwaji da CC 7107. Gwajin ya tabbatar da cewa ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe tana iya wannan gudu, sai dai ya bar layin a karkace, ya kuma narkar da hannun ƙarfen nan da ke kan rufi yana shafar wayar sama. Yin gudu sau ɗaya a gaban 'yan jarida daban, ɗaukar fasinja a kilomita 200 a awa kullum safe da yamma kuma daban, kuma sai da aka shafe shekara 12 kafin Faransa ta cimma na biyun.

Can gaba kaɗan na iske abin da na zo nema, CC 6572. Tsawonsa ya ɗan haura mita 20, nauyinsa kuwa wajen tan 115 ne. Jikinsa ruwan toka ne mai sheƙin azurfa, da jan fenti a tsakiya da siraran layuka ruwan lemo, launin da aka zaɓa domin ya dace da taragan alfarma da zai ja. A gefensa akwai allon ƙarfe mai ɗauke da sunan Résistance-Fer, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa da suka yi wa mamayar Jamus zagon ƙasa a yaƙin duniya na biyu, yayin da yawancin 'yan'uwansa sunayen garuruwa da tamburansu suke ɗauke da su. Abin da ya fi ɗaukar ido dai shi ne fuskarsa. Gilashin gaban ya karkato, samansa ya turo waje, ƙasansa ya shige ciki, sannan hancin ya sake fitowa daga ƙarƙashinsa, har Faransawa suke kiran dukan dangin masu karyayyen hanci. Mai zanen shi ne Paul Arzens, wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1990, mutumin da a 1942, lokacin da man fetur ya gagara saboda yaƙi, ya ƙera wa kansa 'yar ƙaramar motar lantarki mai siffar ƙwai. Ya ɗauko wannan fuska ne daga yadda ɗan tsere yake turo kai gaba idan ya zabura, kuma ya fara sa ta a kan CC 40100 a 1964. Karkatar gilashin tana da aiki bayan ado: tana hana hasken rana da na fitilun cikin ɗakin tuƙi su dawo wa direba a ido, hancin da ya fito kuma yana sa ƙarfe mai kauri tsakanin direba da duk abin da za a yi karo da shi.

Na durƙusa domin in duba ƙarƙashinsa, don a nan ne ainihin hikimar take. Harafin C yana nufin sandunan ƙafa uku da inji ke juyawa, CC kuwa rukuni biyu ke nan, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne a kan firam ɗinsa mai juyawa idan an zo kwana. Al'adar masu ƙira a ƙasashe da yawa ita ce a ba kowace sanda ƙaramin injinta. A nan kuwa kowane rukuni injin lantarki ɗaya ne tak gare shi, babba, yana zaune a saman firam ɗin har ya kutsa cikin jikin kan jirgin, yana miƙa ƙarfinsa ga sandunan uku ta jerin haƙoran giya. Tun da duk ƙafafun shida na rukunin a ɗaure suke da juna, ba yadda ɗaya za ta yi santsi ta juya ita kaɗai a bar sauran, kuma wannan babban abu ne ga mai tayar da kaya masu nauyi a kan jiƙaƙƙen dogo. Sannan, da yake injin ɗaya ne, ya yiwu a sa masa giya iri biyu. Idan kan jirgin yana tsaye cik, ana iya sauya shi daga giyar gudu, mai kai shi kilomita 200 a awa, zuwa giyar dako, wadda ba ta wuce kilomita 100 amma ƙarfin jan da take bayarwa ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Ɗan yayata ya ce, “Kawu, to me ya hana su ƙera iri biyu, ɗaya na gudu ɗaya na kaya, kowa ya kama aikinsa?” Na ce masa jirgin alfarma sau ɗaya yake tashi da safe, sau ɗaya da yamma, kuma inji mai wannan tsada ba a sayensa don ya kwana a rumfa, wanda ya kai manyan mutane Toulouse da rana yana iya juyowa da taragan kaya cikin dare. A lokacin da na ba shi wannan amsa ina ganin dabara ce ta tsimin kuɗi kawai. Sai da muka kai ƙarshen tafiyar na ga cewa wannan giya ta biyu ita ce ta ƙara wa injin kusan rabin rayuwarsa.

Game da wutar da yake sha, dole a koma 1920, shekarar da gwamnatin Faransa ta tsayar da cewa layukan ƙasar za su yi amfani da lantarki mai gudu ta fuska ɗaya a kan bolt 1,500. Da wannan tsari aka sa wa layukan kudu wuta, daga Paris zuwa Bordeaux da Toulouse, daga baya kuma zuwa Lyon da Marseille. A farkon shekarun 1950, ƙarƙashin jagorancin Louis Armand, aka gwada lantarki mai kai da komowa a kan bolt 25,000 a layin da ya bi ta Annecy, aka ga ya fi araha, sai aka shimfiɗa shi a arewa da gabas. Ƙasa ɗaya ta zama mai wuta iri biyu, kuma CC 6500 ɗan kudu ne, ba ya iya taka layin arewa. Ƙarfinsa kilowat 5,900 ne, kimanin ƙarfin doki 8,000, kuma duk ɗalibina da ya raba wannan adadi da 1,500 zai ga cewa wutar da ke bi ta hannun ƙarfensa ta kusa amfiya 4,000. Shi ya sa wayoyin layukan kudu suke da kauri, tashoshin ba da wuta kuma suke kusa da juna.

Injin irin wannan ba ya ɗaukar cikakkiyar wuta yana tsaye, domin zai ƙone ko ya fizge ƙafafun su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Maganin da aka sani a wancan zamani shi ne a bi da wutar ta cikin jerin ƙarafa masu tauye ta, waɗanda ke mayar da rarar zafi, kamar dai yadda ƙarfen hita ke yin ja idan an jona shi. Yayin da jirgi ke ƙara gudu, ana cire waɗannan ƙarafa daga hanyar wutar ɗaya bayan ɗaya, manyan fankoki kuma suna fitar da zafin ta tagogin iska da ke jere a gefen jikin. Idan an zo gangara sai a juya aikin, injinan su koma janareta, su zuba wutar da suka haifa cikin waɗannan ƙarafa, jirgin ya rage gudu ba tare da an cinye takalman birki ba. Tsari ne mai kyau, mai sauƙin fahimta, wanda makaniki zai iya bin sawunsa da ido da hannu, amma yana ɓarnar wuta, kuma kowane ɓangare mai motsi yana neman mai duba shi. Lokacin da aka fara fitar da CC 6500 a 1969, wata fasaha ta riga ta iso bakin ƙofa. A 1976 aka fara ƙera BB 7200, mai irin wannan fuska, wanda ke sarrafa wuta da tiristo, na'urar da ba ta da abin motsi ko ɗaya, tana yanke wutar tana sakinta sau ɗaruruwa a daƙiƙa. An ƙera CC 6500 guda 74 tsakanin 1969 da 1975, BB 7200 kuwa sai da aka yi 240. A ganina girman CC 6500 shi ne cewa a kansa tsohuwar hanya ta kai iyakar abin da za ta iya, kuma ta kai da mutunci.

Daga Mulhouse muka hau TGV, jirgin ƙasan Faransa mai tsananin gudu, zuwa Paris. Ba a jima da tashi ba aka tsaya a tashar da ke kusa da Belfort, garin da masana'antar Alsthom ta ƙera waɗannan injuna tare da kamfanin MTE. Masana'antar ta samo asali ne daga wani kamfanin Mulhouse da ya buɗe reshe a Belfort a 1879, bayan Jamus ta karɓe Alsace a 1871 ta bar Belfort a hannun Faransa. Daga nan ne kuma 'yan'uwan CC 6500 suka fita duniya: Maroko ta sayi irinsa, Yugoslabiya ma ta saya don layukan Sulobeniya, sannan a 1977 aka kai ɗaya daga cikin huɗun da ke shan wuta iri biyu, masu lamba CC 21000, Amurka don kamfanin jiragen fasinja na Amtrak ya gwada. Bai ji daɗin layukan can ba, Amurkawa suka zaɓi ƙirar Suwidin, shi kuma aka dawo da shi gida.

A Paris mun sauka a Gare de Lyon, muka tsallaka kogin Seine da ƙafa zuwa tashar Austerlitz, inda jiragen Limoges da Toulouse suke tashi. Wanda ya ja mu BB 26000 ne, ƙirar 1988 zuwa 1998, mai sanduna huɗu da nauyin kimanin tan 90, wanda ke ba da kilowat 5,600, yana shan wutar kudu da ta arewa duka biyu, yana gudu yana kuma dako ba tare da an sauya masa giya ba. Na tsaya a gefensa ina lissafin cewa abin da CC 6500 ya yi da sanduna shida da ƙarin tan 25, wannan ya kusa yinsa da huɗu, alhali shekara 20 ma ba ta cika tsakaninsu ba.

Wannan layi mai tsawon kilomita 713 shi ne na Capitole, jirgin da aka raɗa wa sunan fadar birnin Toulouse. A ranar 28 ga Mayu 1967 ya fara gudun kilomita 200 a awa tsakanin Les Aubrais, kusa da Orléans, da Vierzon, ya zama jirgin fasinja na farko a Turai da ke yin haka a aikin yau da kullum, shekara uku bayan Japan ta buɗe Shinkansen, layinta na jirage masu tsananin gudu. Da farko wasu BB 9200 ne da aka yi wa jan fenti suke jansa, amma da taragai suka ƙaru, nauyi ya fi ƙarfinsu, sai CC 6500 ya karɓa daga 1970, tare da sababbin taragan Grand Confort masu sanyaya iska. Jirgi ne na masu tikitin aji na farko kaɗai, da ƙarin kuɗi a kai, da taragon cin abinci inda ake dafawa a kawo a faranti, kuma yana kai mutum Toulouse cikin kimanin awa shida. Toulouse a lokacin tana tashen ƙera jiragen sama, a can Concorde ya fara tashi ranar 2 ga Maris 1969, don haka jirgin ƙasa yana kokawa ne da jirgin sama a kan fasinja ɗaya. Haka CC 6500 ya ja jiragen alfarma na Aquitaine da Étendard zuwa Bordeaux, kilomita 581 cikin ƙasa da awa huɗu, ya kuma ja Mistral zuwa Lyon da Marseille.

Bayan Orléans muka shiga Sologne, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai dazuzzuka da tafkuna, layin kuma miƙe sambal, har mutum ya gane dalilin da ya sa a nan aka fara gudun. Daga Châteauroux zuwa gaba ƙasar ta fara tudu da kwari, kwana ta yi yawa, gudu ya ragu. Muka tsaya a Limoges, a tashar nan mai ƙubba da doguwar hasumiyar agogo da aka gina a saman layukan, muka wuce Brive da Cahors, jirgin yana shiga ramin dutse yana fita, yana haye kwaruruka a kan dogayen gadojin dutse. Wannan yanki ya koya mini abin da littafi bai nuna ba. Kilomita 200 a awa ita ce ake bugawa a jarida, amma mafi yawan hanyar hawa ce da kwana, inda ake rage gudu a sake ɗauka ba iyaka, kuma abin da ke cika alkawarin awa shida shi ne ƙarfin da zai fizgi dogon jirgi ya mayar da shi kan gudunsa da sauri bayan kowace kwana. Don wannan aka ba shi kilowat 5,900. Mun isa tashar Matabiau da dare, muka kwana a wani masauki da ke kallon mashigin ruwan Canal du Midi.

Zamanin alfarmar bai yi tsawo ba. A 1981 aka buɗe layin TGV tsakanin Paris da Lyon, Mistral ya rasa fasinjansa. A 1989 da 1990 aka buɗe na yamma, jiragen Bordeaux suka koma can, har ta kai zuwa Toulouse ta Bordeaux ya fi sauri a kan tsohon layin Limoges, kuma a farkon shekarun 1990 Capitole ya daina tashi. Injin da ba ya iya komai sai gudu, da a nan labarinsa ya ƙare. CC 6500 kuwa sai aka mayar da shi giyar dako, aka tura shi jan kwantena da hatsi da ƙarfe, har ma a tsakiyar shekarun 1990 aka cire wa CC 21000 ɗin nan huɗu kayan wutar arewa aka haɗa su cikin dangin, adadin ya zama 78.

Hanyarmu daga Toulouse zuwa Lyon ta bi ta Narbonne, kuma a nan tunanina ya koma gida ba da nufina ba. A bayan garin, a wurin da ake kira Malvési, akwai masana'antar da ke karɓar garin yuraniyom da ake kawowa daga ƙasashen waje ta fara tace shi, sannan a ƙarasa aikin a Tricastin, kusa da Pierrelatte a kwarin Rhône, inda jirginmu ya bi ta gefensa bayan 'yan awoyi. An fara haƙar yuraniyom a Arlit, a arewacin Nijar, a 1971, lokacin da ake tsakiyar ƙera CC 6500, na Akouta kuma ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Tun daga shekarun 1980 mafi yawan wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, don haka wani kaso na wutar da ta bi ta hannun ƙarfen waɗannan injuna daga ƙarƙashin hamadarmu ya taso, a kan manyan motoci, ta ƙasar da har yau ba ta da jirgin fasinja mai aiki. Na faɗa wa yaron haka, na ce ya riƙe, domin su ne za su ga layin Kano zuwa Maraɗi yana aiki, kuma su za a tambaya wace wuta za a sa masa.

Chambéry ba ta da nisa daga Lyon, tana gindin tsaunukan Alpes. Kusa da tasharta akwai wata zagayayyiyar rumfar kawunan jirage da aka gina tsakanin 1906 da 1910, mai faɗin mita 108, da rufin ƙarfe irin ƙirar zamanin Eiffel, layuka 36 suna fita daga faifan juyawa da ke tsakiya. Bama-bamai sun taɓa ta a watan Mayun 1944, aka gyara, kuma yanzu tana cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Ana shiga ne da ɗan rakiya a lokutan da aka tsayar, kuma wata ƙungiyar masu sa kai, da yawansu tsofaffin ma'aikatan jirgi, tana kula da injunan tarihi da ke ciki. A nan na ga CC 6558, kore shar, ba ja ba azurfa. Yana cikin guda 21, daga 6539 zuwa 6559, da aka ƙera musamman don layin Maurienne, waɗanda tun ranar farko dako aka haife su su yi. Wani dattijo da ya tuƙa su shekaru da yawa ya tsaya da mu, da ya ji sana'ata sai ya saki jiki. Ya ce a hawa da kaya idon direba ba ya barin allurar da ke nuna yawan wutar da injin ke sha, ana ƙara mataki ɗaya a jira allurar ta sauko kafin a ƙara wani, kuma idan kaka ta zubar da ganye a kan dogo ko dusar ƙanƙara ta sauka, sai an haɗa da yashin da ake fesawa gaban ƙafafu. Ya ce ƙarar fankokin takan cika ɗakin tuƙi, amma bai taɓa jin injin ya gaza masa a tudu ba. Hannunsa yana kan jikin injin duk tsawon maganar.

Washegari muka hau jirgin yanki zuwa Modane, tafiyar kimanin kilomita 100. Chambéry tana mita 270 sama da teku, Modane kuwa ta haura mita 1,050, kuma mafi yawan hawan an tara shi ne a ƙarshen hanya. Layin yana bin kogin Arc, kwarin yana ƙara matsewa, duwatsu suna ƙara tsayi, har bayan Saint-Jean-de-Maurienne, garin masana'antar alminiyom, inda hawan yake kai mita 30 a kowace kilomita. Ga mai mota wannan ba komai ba ne, amma ga jirgin kaya mai ƙafar ƙarfe babban aiki ne, shi ya sa akan sa inji biyu, wani lokaci ɗaya a gaba ɗaya yana turawa daga baya. Saukowa ta fi hawa haɗari. A daren 12 ga Disamba 1917 wani jirgi cike da sojojin Faransa da ke dawowa daga fagen yaƙin Italiya ya taso daga Modane da inji ɗaya, birki ya gaza riƙe shi a gangarar, ya kauce daga layi kusa da Saint-Michel-de-Maurienne ya kama wuta, mutum fiye da 400 suka mutu, kuma har yau shi ne haɗarin jirgin ƙasa mafi muni a tarihin Faransa. Wanda ya san wannan zai fahimci darajar birkin lantarki da na bayyana a baya, wanda ke riƙe jirgi tun daga saman gangara har ƙasa ba tare da takalmi ya yi zafi ba.

An sa wa wannan layi wuta tun shekarun 1920, amma ta wata hanya ta daban: maimakon wayar sama, sai aka shimfiɗa dogo na uku a gefen biyun, mai ɗauke da bolt 1,500 a kusa da ƙasa. Saboda haka korayen CC 6500 suka zo da takalman ƙarfe a gefen ƙafafunsu masu shafar wannan dogo, ban da hannun da ke kan rufi. Dogon wuta a ƙasa, a kwarin da dusar ƙanƙara ke rufewa kuma ma'aikata ke tafiya a kai, abu ne mai wahala da haɗari, kuma a 1976 aka kammala maye gurbinsa da wayar sama, aka cire wa injunan takalmansu, suka ci gaba da aiki a nan da sauran layukan kudu.

Kafin Modane muka wuce La Praz, inda dutse ya zaftaro ranar 27 ga Agusta 2023 ya rufe layin, ba a sake buɗe shi ba sai ƙarshen Maris 2025. Har yanzu ana ganin sabon tabon a jikin tsaunin da ragar ƙarfen da aka ɗaure shi da ita. A wurare da dama cikin kwarin kuma ana ganin aikin sabon ramin da ake haƙawa tsakanin Saint-Jean-de-Maurienne da Susa ta Italiya, mai tsawon kilomita 57 da rabi, wanda zai bi ta gindin tsaunin ya kauce wa hawan gaba ɗaya.

Modane ƙaramin gari ne mai ƙatuwar tasha, domin a bayansa ne ramin Fréjus yake, wanda aka fara haƙawa a 1857 aka buɗe a 1871, ya haɗa Faransa da Italiya. A kan wannan layi da maƙwabtansa na yankin Lyon CC 6500 ya yi aikinsa na ƙarshe, yana jan jiragen yanki masu tsayawa a ƙananan tashoshi, ɗauke da ɗalibai da ma'aikata da masu zuwa wasan ƙanƙara, har aka sallame shi a 2007, bayan shekara 38, a shekarar da TGV ya yi gudun kilomita 574.8 a awa. Ban ga ƙasƙanci a wannan ƙarshe ba, domin ɗalibin Saint-Michel da ya isa makaranta a kan lokaci bai fi attajirin Capitole ƙarancin haƙƙi a kan injin ba. Kaɗan daga cikinsu suna hannun ƙungiyoyi irin ta Chambéry, kuma akan fito da su lokaci lokaci su ja jirgin masu sha'awa.

Muna tsaye a kan dandamali sai ga jirgin kaya ya hawo daga kwarin, BB 36000 biyu suna jansa. Italiya tana amfani da bolt 3,000, don haka a zamanin CC 6500 duk jirgin da ya iso nan sai an kwance masa kai an ɗaura na Italiya, aikin da ke cin lokaci da ma'aikata da layukan ajiya masu yawa. BB 36000, wanda aka fara ƙerawa a 1996, yana shan wuta iri uku, ta kudu da ta arewa da ta Italiya. Jirgin ya ɗan tsaya, aka ba shi hanya, ya ci gaba da hawa zuwa bakin ramin da kawunan da ya zo da su, mu kuma muka nemi abin da za mu ci kafin jirgin komawa Chambéry ya iso.